Cunkoson ranar kasuwa: kurakuran da ƙananan hukumominmu ke maimaitawa

Duk wanda ya taɓa ratsa Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ya san yadda titi ke cushewa. Tirelar shanu ta tsaya lodi a kan kwalta, mai kayan miya ya baje buhunsa a gefe, ɗan acaba na neman inda zai kutsa, motar da ta ɗauko mai naƙuda kuma tana can baya tana ta hon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar abin a matsayin taurin kai. Sai a turo samari da sanduna su kori masu talla, kasuwa mai zuwa kowa ya koma gurbinsa. Ai mai talla fasinja yake bi. A samu fili a bayan kasuwa, a zuba masa burji, a yi masa mashiga daban da mafita daban, a mayar da lodi da sauke fasinja can. Amma kafin a kafa turke ko ɗaya, a zauna da sarkin kasuwa da shugabannin direbobi, don in ba da su aka yi ba, filin zai zama wurin shanya hatsi. Ko ɗan KAROTA, mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, sai yana da inda zai nuna wa direba kafin ya ce masa ya matsa.

Sai tudun rage gudu. Mota ta buge yaro, zuciya ta ɗebi matasa, su tara ƙasa da duwatsu a tsakiyar titi. Na san zafin abin, mun binne irin wannan yaron a garinmu. Sai dai tudun da ba fenti ba allon gargaɗi, da daddare shi ke kayar da mai babur da matarsa. A nemi izinin hukumar da ke da titin, a yi shi da faɗi ba tsini ba, a shafa masa fenti, a kafa allo tun daga nesa.

Yashe kwalbati kuwa a watan Afrilu ake yi, kafin ruwan Agusta ya ci gefen kwalta.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne sashen ayyuka. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27, kowace da nata sashen. Sau da yawa sai ka tarar an cika shi da 'yan alfarma masu zaman tebur, injiniya ɗaya tilo, gireda kuma ta kwanta a sakatariya, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, don wanda ya iya tuƙa ta ya yi ritaya. Ma'aikaci na barin aiki ne in ya cika shekara 35 yana yi, ko ya kai 60 da haihuwa, ke nan an san ranar tun da wuri. Me zai hana a haɗa shi da matashi shekara biyu kafin nan?

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna yaye 'ya'yanmu. A ɗauki injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, a haɗa shi da safiyo da makaniki da birkila, a daina yi musu canjin wurin aiki duk lokacin da sabon ciyaman ya hau. A kuma ba su babur da kuɗin mai, su riƙa zagaya hanyoyin ƙauyuka, musamman washegarin ruwan sama.