Idan AC ɗin motarka ya daina sanyi

A bazarar Birnin Kebbi, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, AC ɗin mota ba kayan ado ba ne, musamman in za ka ɗauki iyali zuwa Yawuri da tsakar rana. Kafin ka kashe kuɗi, duba waɗannan.

Da farko tada inji, ka kunna AC, ka buɗe bonet ka kasa kunne. Kwamfireso, wato famfon da ke tura gas ɗin sanyi na AC, in yana da lafiya yakan yi ƙas idan ya kama. In shiru, duba fiyus da bel.

Idan iska ce ke fitowa da kyar, ciro matatar iska, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin gaban fasinja. Ƙurar hunturu kan toshe ta har ta koma ja. Kakkaɓe ta, ko ka sauya.

Sai kwandensa, mai fitar da zafin gas ɗin AC, a gaban lagireto. Wanke shi da ruwa a hankali don kada haƙoransa su lanƙwashe, ka tabbata fanka na juyawa.

In duk lafiya amma babu sanyi, nemi mai gyaran AC. A nan nake roƙonka ka natsu. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur; in ya ragu, akwai yoyo. Ce masa: "Malam, nuna mini inda yake zuba tukuna." Kumfar sabulu ko maiƙon da ya jiƙa bakin tiyo zai nuna wurin. A toshe, a zuƙe iskar ciki da injin zuƙa, sannan a zuba irin gas ɗin da ke rubuce a ƙarƙashin bonet, galibi R134a.