Mai tafiya Umra daga Maradi, ka riga jirginka isa Yamai da kwana biyu

Daga Maradi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Bas ɗin da ya tashi da asuba sai la'asar ko bayan magariba yake shiga Yamai, in hanya ta yi kyau ke nan. Faci guda, ko dogon layi a shingen bincike, ko ruwan damina ya ci gefen kwalta, kowanne ya isa ya cinye maka awa uku. Wanda bai hau jirgin tafiya ba kuwa, yawancin kamfanoni soke masa tikitin dawowa suke yi, ayarinsa kuma ya tafi ya bar shi. Shi ya sa muke cewa ka kwana biyu a Yamai: daren farko na hutun gajiyar hanya, wunin da ke tsakani na gyara abin da ya ɓaci.

Fara da karanta tikitinka da kyau. In an rubuta Talata ƙarfe 01:30, to daren Litinin ne za ka kasance a filin jirgin Diori Hamani, ba daren Talata ba. Nan ne mutane suka fi faɗawa, kuma abin takaici ne a yi asarar kuɗin da aka daɗe ana tarawa saboda wannan. Daga wannan Litinin ɗin za ka ƙirga baya. Ka kuma tabbata wunin gyaran nan ranar aiki ne, don Asabar da Lahadi yawancin ofisoshi a rufe suke.

Da safe ka je ofishin kamfanin da ya shirya tafiyar, ka aje fasfo, biza da tikiti gefe da gefe, ka bi sunanka harafi-harafi. Mahamadou a fasfo, Mamadou a tikiti, ya isa a tsayar da kai wajen awon kaya. Ana iya neman gyara irin wannan da rana. Da tsakar dare a filin jirgi babu mai yi maka. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata 6 aƙalla.

Abu ɗaya ne zuwa da wuri ba ya gyarawa: rigakafi. Allurar shawara da ta sanƙarau sai sun yi kwana 10 a jiki kafin a karɓi katinsu, saboda haka tun a Maradi za ka yi su.

Ka auna jakarka a masauki. Yawanci kilo 23 ne kowace jaka, amma abin da ke kan tikitinka shi ne hukunci. In kilishi da garin kunu sun yi yawa, ga lokacin ragewa ka bar wa ɗan'uwa. Maganin hawan jini ko na suga, da batirin cajin waya, su zauna a jakar hannu. Namiji da zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ma a jakar hannu, domin a sama za a ƙetare miƙati.

In da tsoho ko tsohuwa a tafiyar, a bar su su yi barci sosai, ƙafar da ta kumbura a bas ta saɓe, domin ɗawafi da sa'ayi na jiransu. A nemi keken guragu tun wunin gyaran, ta hannun kamfanin.

Ka isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Galibi ana rufe awon kaya saura awa guda.