Babi na Shida: Rilen Tsaro da Maɓallin Riset

Darasi na 1: Abin da ke cikin akwatin wuta

Kafin a buɗe akwatin wutar inji, a kashe babban makunni, a sa masa kwado, mabuɗin ya shiga aljihun wanda zai sa hannu a ciki. Sannan a gwada da mita, a tabbatar babu wuta. Wutar da ke juya manyan injuna a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa mai layi uku ce, kusan volt 415, kuma tana kisa nan take.

Da kun buɗe, ku nemi wani ɗan akwati, galibi rawaya ko ja, faɗinsa kamar yatsu biyu ko uku, da ƙananan fitilu a gabansa. Shi ne rilen tsaro. Kamfanin Pilz na ƙasar Jamus ya fito da nasa a shekarar 1987 da sunan PNOZ, yau kuma kamfanoni da yawa suna yin irinsa. Aikinsa shi ne yanke wutar mota, wato na'urar lantarkin da ke juya injin, da zarar an danna jan maɓallin tsayar da inji ko an buɗe ƙofar kariya, ya kuma hana wutar dawowa sai mutum ya ba da izini da hannunsa.

A jikinsa akwai haruffa da lambobi kusa da kowane sukurun waya. Kada yawansu ya tsorata ku. Ku sa yatsa, ku karanta da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya.

A1 da A2: nan ne wutar da rilen kansa yake ci take shiga, yawanci volt 24. Ana karanta su "A ɗaya" da "A biyu".

S11 da S12: hanya ta farko zuwa jan maɓalli.

S21 da S22: hanya ta biyu zuwa wannan jan maɓallin dai.

S33 da S34: nan ake haɗa maɓallin riset. Ku ja layi a ƙarƙashin waɗannan biyun, za mu daɗe a kansu.

13 da 14, sai 23 da 24: ta nan wuta ke fita zuwa kwantakta, wato babban abin da ke ɗaurawa mota wuta.

Wasu kamfanoni suna sa wasu lambobin daban. Zanen da ke gefen rilen da takardar da ta zo da shi su ne abin bi.

Darasi na 2: Me ya sa hanya biyu?

A bayan kowane maɓalli akwai ƙananan ƙarafa da ke haɗewa wuta ta wuce, su rabu ta tsaya. A wannan littafin za mu kira su baki. Bakin da aka rubuta wa NC a rufe yake idan ba a taɓa shi ba. Wanda aka rubuta wa NO a buɗe yake sai an danna.

Jan maɓallin tsayar da inji, mai kai kamar laimar kwaɗi a kan rawayan fili, yana da bakin NC guda biyu. Ɗaya yana kan S11 da S12, ɗayan yana kan S21 da S22. An zaɓi NC ne don ko ɓera ya ci waya ko sukuru ya kwance, inji ya tsaya da kansa. An yi su biyu ne don in ɗaya ya maƙale, ɗayan ya yanke wuta. Rilen yana lura da su duka. Idan ɗaya kaɗai ya buɗe, zai tsayar da injin, kuma ba zai yarda a sake tayarwa ba sai hanyoyin biyu sun buɗe sun sake rufewa.

Darasi na 3: Riset

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi.

Maɓallin riset galibi shuɗi ne. An rubuta RESET a samansa, haruffa biyar, na farko R. Maɓallin tayarwa kore ne ko fari, an rubuta START, shi ma haruffa biyar, na farko S. Ku rubuta su biyun a littafinku sau uku-uku har idonku ya raba su.

Riset ba ya tayar da inji. Abin da yake yi kawai shi ne gaya wa rilen tsaro cewa mutum ya duba, hatsari ya wuce. Idan kun danna riset inji ya tashi nan take, haɗin ba daidai yake ba, a kira mai gyaran wuta.

Ga yadda ake yi bayan inji ya tsaya:

1. Ku gano abin da ya sa aka tsayar da shi, ku kawar da shi.
2. Ku zagaya injin da ƙafa, ku duba babu mutum a ciki ko a baya, babu sifana ko tsumma.
3. Ku rufe ƙofar kariya.
4. Ku murza jan maɓallin ta inda kibiya ta nuna har ya ɗago.
5. Ku sake dubawa da ido daga inda kuke tsaye.
6. Ku danna riset, ku saki.
7. Fitilu biyu za su kama a jikin rilen. Sai yanzu ake danna START.

Mu koma mataki na 6. Dannawa da saki, duka biyun ake buƙata. Rile mai sa ido a kan riset yana so ya ga maɓallin ya canza hali, daga sake zuwa danne, wani ma sai an ɗaga yatsa yake amsawa. An yi haka da gangan, domin maɓallin da ƙura ta maƙale shi ko wanda aka tokare da tsinke kada ya zama izini na dindindin. Idan kun danna kuna riƙe ba ku ga fitila ba, ku ɗaga yatsa. Wanda ya kasa a karo na farko ba shi kaɗai ba ne, kowa da haka ya fara. Ku gwada a kan allon koyo sau goma: duba, danna, saki.

Mu kuma koma mataki na 2 da na 5. Ana kafa maɓallin riset a wajen shingen inji, inda mai dannawa yake hango ko'ina, kuma inda wanda ke ciki ba zai iya miƙo hannu ya taɓa shi ba. Dalilin a fili yake: yatsanku shi ne shaidar cewa babu kowa a ciki. Rilen ba shi da ido. Idan abokin aikinku ya sunkuya yana cire robar da ta toshe, ku kuka san da shi, rilen bai sani ba. Duba, danna, saki. Duba ce ta farko.

Haka ma idan aka ɗauke wuta. Ko NEPA ce ta dawo da ita ko janareta aka tayar, rilen yana nan a sake, inji ba zai zabura da kansa ba. Wannan ba lalacewa ba ce. A bi matakan nan bakwai daga na farko, ba daga na shida ba.

Yanzu ga magana mai ɗaci. Akwai masu ɗaukar guntuwar waya su yi gada tsakanin S33 da S34, wai don riset yana ɓata musu lokaci. A wasu rile, wannan gadar tana sa da an rufe ƙofa ko an ɗago jan maɓalli, rilen ya kama da kansa ba tare da kowa ya duba ba. Haba jama'a! Daƙiƙa nawa ake ɗauka a danna maɓalli? Gaskiya ne akwai injin da aka tsara shi da riset mai kama kansa, inda ƙofar ƙarama ce mutum ba zai iya shiga gaba ɗaya ba, amma injiniyan da ya tsara injin ne yake yanke wannan, ba mai aikin dare da ya gaji ba. Wanda ya sa gada ya tafi gida, gobe wani ne zai sa hannu a injin bai san komai ba. Duk wanda ya ga waya irin wannan da babu ita a zane, ya tsayar da aiki ya gaya wa shugabansa. An sha faɗar wannan a aji, amma har yanzu ana ganin ta a akwatuna.

Ku rufe littafin, ku faɗi matakan bakwai da ka. In kun tsallake na 2 ko na 5, ku sake daga farko.

Darasi na 4: Idan riset ya ƙi

Ana sa kwantakta biyu a jere, KM1 da KM2, domin bakin kwantakta yana iya narkewa ya manne saboda zafin wuta. Kowace tana da ƙaramin bakin NC, galibi mai lamba 21 da 22, wanda ba ya rufewa muddin manyan bakunan suna manne. Wayar riset takan fito daga S33, ta bi ta wannan bakin a KM1, ta bi ta na KM2, ta bi ta maɓallin riset, ta ƙare a S34. Idan kwantakta ɗaya ta manne, hanyar ta yanke, riset ya ƙi.

A kashe wuta, a sa kwado, a tabbatar da mita. Sannan a cire waya ɗaya, a ɗora mitar a kan 21 da 22. In ta yi ƙara, bakin a rufe yake. In ta yi shiru, a canza kwantaktar. Ba a buga ta da ƙotar sukurdireba.

Darasi na 5: Karanta fitilu

Babu fitila ko ɗaya: a duba volt 24 a A1 da A2, a duba fis, a duba ko wayoyin hanyoyin biyu sun taɓa juna.

Fitilar wuta kaɗai: jan maɓalli a danne yake, ko ƙofa a buɗe, ko ba a yi riset ba.

Fitilar hanya ɗaya ta kama, ɗaya ba ta kama ba: waya ta tsinke ko baki ɗaya ya lalace.

Darasi na 6: Gwaji

A gwada kowane jan maɓalli da kowace ƙofa a lokutan da masana'anta ta tsara. A rubuta rana da sa'a a littafin inji.

Aikin gida: ku zana hanyar waya daga S33 zuwa S34, ku kawo ranar Asabar.