Shiga sana'ar wayarin bayan an girma: yadda ake bi

Magidanci mai shekara 35 ko 40 da kasuwa ta karye masa, ko albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, zai iya zama ƙwararren mai aikin wutar lantarki. Sai dai hanyarsa ta bambanta da ta yaron da mahaifinsa ya kai shago yana ɗan shekara 15. Yaro yana da shekarun da zai yi ta ɗaukar tsani yana kallon oga har aikin ya shiga jikinsa. Kai kuwa cefane yana jiranka kullum. Abin da zai rage maka tsawon tafiyar shi ne ka haɗa aikin hannu da lissafi tun daga ranar farko, domin a nan ne babba ya fi yaro.

Kada ka ajiye aikin da ke ciyar da gidanka tukuna. Ware yammaci da ranakun hutu, ka sa a ranka shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ka karɓi wayarin gida sukutum kai kaɗai. Canja soket da ɗaura fanka ana iya su cikin 'yan makonni, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa, su ɗauka sun gama koyo.

Wajen wa za ka koya

Nemi wanda yake samun aikin sabbin gine-gine, domin a can za ka ga aikin daga fasa bango har zuwa kunna wuta. Kafin ku yi magana, roƙe shi ya kai ka gidan da ya gama, ya buɗe akwatin rarraba wuta. Idan wayoyi suna jere, kowace bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi wa layi yawa) an rubuta sashen da take riƙe da shi, kuma ka ga wayar atin, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, ta fita zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, to ka samu malami. Idan kayan gwajinsa duka ƙaramar testa ce a aljihu, nemi wani. Ku yanke kuɗin koyo da tsawon lokaci a gaban shaidu biyu, a kuma ambata cewa zai riƙa tafiya da kai wurin aiki, ba zaman tsaron shago ba. Mai yiwuwa ogan ƙanin bayanka ne. Ka kira shi Oga ko Malam yadda sauran yara suke kiransa, ka riƙe tsani idan ya hau. Girman kai ya hana manya da yawa ƙarasa koyo.

Lissafin da duk aikin ya rataya a kansa

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Ka raba wat na na'ura da 230, ka samu amfiyar da take ja. Hita mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, wato ita kaɗai ta cika ƙarfin soket na gida. Wannan rabawar ce take gaya maka kaurin wayar da za ka ja da girman birekar da za ka sa mata.

A wayarin gida, fitilu da fankoki suna tafiya a waya mai milimita 1.5 (murabba'in milimita ake nufi, ma'aunin kaurin ƙarfen cikinta) da bireka mai amfiya 6 ko 10. Soket yana son milimita 2.5: bireka 20 idan layin ya tafi ya tsaya, 32 idan ya zagaya ya dawo akwati. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka a ja wa kowacce layinta daga akwati, galibi da milimita 4. Murhun lantarki milimita 6 da bireka 32. Idan tafiyar tana da nisa, kamar daga gida zuwa famfon rijiyar burtsatse a bayan fili, ƙara kauri, saboda wuta tana raguwa a hanya, injin ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone.

Riƙe wannan da kyau: aikin bireka shi ne kare waya. Mai gida zai ce maka bireka tana yawan faɗuwa, a sa masa babba. Ka ɗora mai amfiya 63 a kan waya mai milimita 2.5, birekar za ta daina faɗuwa, wayar kuma ta riƙa zafi a cikin bututu har robarta ta narke, watarana cikin dare silin ya kama. Bireka mai faɗuwa tana nuna kaya sun yi wa layin yawa ne, ko waya ta taɓa wata. A nemo dalilin, a raba kayan zuwa layi biyu. Ɗaya hanyar gobarar ita ce sako-sakon ɗauri. Sukurun da bai kama waya sosai ba yana haifar da zafi a daidai wurin, shi ya sa za ka buɗe soket ka tarar da bayansa ya yi baƙi yana warin roba. Kowace waya ka ɗaure, ja ta da hannu ka tabbatar ta zauna. Haɗi a yi shi cikin akwati da abin haɗa waya. Murɗawa a naɗe da salatif a tura cikin bututu ba aiki ba ne.

Sai jabun waya, wadda ta cika kasuwa. Wata an rubuta mata 2.5 amma cikinta bai kai ba, wata kuma alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, mayar da ita. Duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ka kuma saba da nauyin nadin waya na gaske a hannunka.

Yadda za ka koma gida da rai

An ɗauke wuta ba yana nufin layi ya mutu ba. Ana iya dawo da ita hannunka yana ciki, kuma a gidajen yanzu janareta ko inbata suna iya ba layin wuta ta baya. Kashe babban makunni, ka kulle akwatin ko ka tafi da fiyus a aljihunka. Gwada mitar gwajinka a wurin da ka san akwai wuta, ka auna layin da za ka taɓa tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta har da atin, sannan ka sake gwada mitar don tabbatar ba ita ce ta mutu ba. Ƙaramar testa tana yaudara, musamman a hasken rana ko kana kan tsanin katako. Launin waya ma kada ka amince da shi ido rufe. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya ta dawowa, kore ko kore da rawaya ta atin, amma ba ka san wanda ya riga ka aiki a gidan ba. Makunni kullum a kan waya mai wuta ake sa shi; in aka sa a ta dawowa, ƙwai zai mutu amma mazauninsa yana nan da wuta.

Kowane gida da janareta a sa masa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan falwaya ta kashe ma'aikacin da ke gyara a sama. A sa bireka mai gano yoyon wuta ta miliamfiya 30 a layin soket da banɗaki. Ƙasarmu ta arewa tana bushewa ƙayau da rani, atin ya yi rauni, don haka a kafa sandar inda ke da danshi, ko a ƙara ta biyu da tazarar da ta kai tsawon sandar. Gishirin da ake zubawa yana taimakawa da farko, amma yana cin ƙarfen. Idan wuta ta kama mutum, kashe ta tukuna ko ka ture shi da busasshen katako, kada ka kai hannu.

Kayan farawa ba su da yawa: mitar gwaji, filaya da sukundireba masu hannun roba, abin feɗe waya, guduma da kurfi, ma'aunin tef, wayar jan layi a bututu, takalmin roba mai kauri. Bututu mai milimita 20 ya isa yawancin layuka. A fasa bango a miƙe, tsaye ko kwance, don mai buga ƙusa gobe ya iya hasashen inda waya ta bi.

Takardu

Aikin unguwa ba ya tambayar shaida, amma kamfani da kwangilar gwamnati suna tambaya. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a hawa uku, daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1. Hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, NABTEB, tana da jarrabawar Nuwamba da Disamba ga waɗanda ba sa makaranta, kuma ita ta fi dacewa da mai aiki. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, tana da wuraren horo a Kano da Kaduna da Jos da Kainji, asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ma yana shirya horon sana'o'i. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke tantance masu haɗa wuta ta ba su shaidar ƙwarewa, kuma ita ke da hurumin duba wayarin. Je ofishinsu da kanka, kada ka ba dillali kuɗi ya kawo maka takarda.

Idan ka fara karɓar aiki, ƙirga maki nawa ne na fitila da soket, ka rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, mai gida ya riƙe kwafi. Duk wanda ya nemi ka zagaye masa mita, ƙi. Laifi ne a doka, kuma sunanka ne zai fito.

Sola ma akwai aiki a cikinta yanzu, amma ka shige ta bayan wayarin ya zauna maka. Wat 1,000 a bolt 230 bai kai amfiya 5 ba. A batirin sola mai bolt 12 ya haura amfiya 80. Shi ya sa wayar batir take da kauri sosai kuma gajeriya, da fiyus kusa da batir, shi ya sa kuma babban aiki ake yin sa a bolt 24 ko 48. Bireka ta wutar gida ba a sa ta a layin farantin sola ko batir, akwai irin tasu daban.

Kafin ka miƙa kowane gida, cire ƙwayaye da na'urori, ka gwada lafiyar robar wayoyi da na'urar da ke tura bolt 500. Kada awon ya gaza megom 1 (megom shi ne ma'aunin ƙarfin robar wajen tare wuta). Bi kowane soket ka tabbatar atin ya iso shi, ka danna maɓallin gwajin bireka mai gano yoyo ka ga ta faɗi, sannan ka rubuta sakamakon ka manna a murfin akwatin.