Yadda Ake Shirya Takardar Labaran Makaranta ga Iyayen Ɗaliban Ƙaramar Sakandare

Yaron da ke tsakanin shekara 11 da 14 ba ya kawo labarin makaranta gida kamar yadda yake yi sa'ad da yake firamare. A da yakan shigo da gudu, tun kafin ya ajiye jaka ya fara zayyana abin da malami ya ce da wanda aka yi wa faɗa, amma yanzu idan aka tambaye shi yaya makaranta, amsarsa ba ta wuce "lafiya lau". A daidai wannan lokaci ne kuma yake barin hannun malamin aji guda wanda ya san shi ciki da bai, ya koma hannun malamai da yawa, kowanne da darasinsa, har uwa ko uba su rasa wanda za su tuntuɓa idan suna son sanin halin da ɗansu yake ciki. Takardar labarai da makaranta ke aika wa iyaye a kai a kai tana iya rage wannan tazara, muddin an shirya ta da sanin abin da ake so ta yi.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, ya kamata masu shiryawa su amince a kan manufa. A ganina, babban aikin takardar shi ne ta ba iyaye abin da za su yi hira da 'ya'yansu a kansa. A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nancy Hill da Diana Tyson, sun tattara nazari 50 da aka yi a kan yadda iyaye ke sa hannu a karatun yara masu waɗannan shekaru, suka gano cewa abin da ya fi alaƙa da cin nasara shi ne iyaye su riƙa tattaunawa da yaro a kan amfanin ilimi, da abin da suke sa rai daga gare shi, da yadda karatun yau ya shafi abin da yake son zama gobe. Zama a taya shi aikin gida bai nuna irin wannan amfani ba. Ke nan mahaifin da bai iya lissafin da ake koya wa ɗansa ba yana da rawar takawa, kuma abin da yake buƙata daga makaranta shi ne bakin zaren hira. Jimlar da ta ce "'yan aji biyu suna koyon yadda tsirrai ke sarrafa abincinsu da hasken rana, ku tambayi ɗanku me ya faru da tsiron da aka rufe a kwali na mako guda" ta fi shafi guda na jawabin shugaban makaranta amfani a gida.

Bayan manufa, sai a damƙa aikin a hannun mutum guda wanda kowa ya san shi ne mai alhakinsa, ko da kuwa akwai masu taimaka masa, domin aikin da aka ce na kowa ne yakan kwana a kan tebur. A tsayar da lokacin fitowa gwargwadon ƙarfin makaranta, ko duk mako biyu ko sau ɗaya a wata, sannan a riƙe shi kam. Takardar da ke zuwa a ranar da aka saba ganinta tana sa iyaye su fara tambayar ta da kansu, wadda kuwa ke fitowa sau uku a jere sannan ta ɓace har ƙarshen zango tana koya musu kada su dogara da ita. A sanya wa malamai ranar miƙa labari, kuma kada a nemi su rubuta dogon bayani: jimla biyu ko uku a kan abin da ajinsu ke ciki, da sunan ɗalibi guda da ya yi abin a yaba, sun wadatar.

Sashen yabon ɗalibai shi ne zuciyar takardar, shi ne kuma inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko sunayen waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a jera su, a ƙara da wanda ya ci gasar muhawara ko kacici-kacici. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai cewa a ɓoye nasarar waɗannan yara. Matsalar ita ce idan aka tsaya nan, sunaye goma ko goma sha biyu ne za su yi ta juyawa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, sauran ɗaruruwan yara da iyayensu kuwa su fahimci cewa takardar ba tasu ba ce. Maganin da na fi amincewa da shi ƙaramin littafi ne mai ɗauke da sunan kowane ɗalibi aji bayan aji, kamar rajista, inda mai shiryawa zai riƙa sa alama gaban duk sunan da ya fito. Idan zango ya kai rabi, sai ya duba sunayen da ba su da alama, ya je wurin malamansu ya ce su lura masa da waɗannan yara na mako biyu. Da wuya malamin da ya sa ido da gaske ya dawo hannu biyu. Zai zo da labarin yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba amma wannan makon ta tashi ta karanta rubutunta a gaban kowa, ko yaron da ya zauna bayan an tashi yana nuna wa sabon ɗalibi darussan da suka wuce shi, ko wanda ya yi wata guda cur bai makara ba bayan an san shi da makara.

Yadda ake furta yabon ma yana da muhimmanci ƙwarai. A shekarar 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa gwaje-gwajen da suka yi da yara 'yan aji biyar na firamare, inda aka ba su aiki sannan aka yabi wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, aka yabi wasu da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba da ƙwaƙwalwa sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma da aka ba su mai wuya suka gaza, sai gwiwarsu ta yi sanyi, aikinsu na gaba ya ja baya, alhali waɗanda aka yaba da ƙoƙari sun fi jurewa. Darasin da mai rubuta takarda zai ɗauka shi ne ya ambaci abin da ɗalibi ya aikata dalla-dalla. Maimakon a rubuta cewa wance haziƙa ce mai baiwar lissafi, sai a rubuta cewa ta sake yin duk tambayoyin da ta faɗi a gwajin baya har ta gane inda take kuskure, kuma hakan ya bayyana a gwajin da ya biyo. Irin wannan jimla tana girmama yarinyar, tana kuma nuna wa duk yaron da ya karanta hanyar da shi ma zai iya bi. Sai dai a kiyaye kada neman yaba kowa ya kai ga ƙirƙirar yabon da ba shi da tushe, domin yaran wannan shekaru suna gane yabon ganin ido nan take, kuma yana zubar da darajar na gaskiya.

Akwai abubuwan da ba su da wuri a takardar da kowa zai karanta. Makin jarabawar ɗalibi, da matsayinsa idan yana can ƙasa, da batun ladabtarwa, da rashin lafiya, da bashin kuɗin makaranta, duk na tsakanin makaranta ne da gidan yaron kaɗai. Ko a wajen yabon wanda ya samu ci gaba, a ce ya yi gagarumin ci gaba a Turanci ko kimiyya, kada a faɗi makin da ya tashi daga kansa, saboda abokansa za su riƙe tsohon makin su manta da sabon. Wannan ba yana nufin a ɓoye wa iyaye labari marar daɗi ba ne, a'a, a aika musu shi ne ta hanyarsa daban. Todd Rogers da Avi Feller sun nuna amfanin haka a wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka yi a makarantun birnin Filadelfiya da ke Amurka, inda aka riƙa aika wa iyaye wasiƙa ta musamman mai faɗin yawan kwanakin da ɗansu bai zo makaranta ba. Da yawa daga cikinsu ba su san kwanakin sun kai haka ba, kuma wasiƙun sun rage yawan yara masu yawan fashin makaranta da kimanin kashi 10 cikin 100.

Batun hoto yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Sashe na 16 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'Yancin Yara ta 1989 ya tanadi kare sirrin yaro da mutuncinsa, kuma ƙasashe da dama suna da dokokinsu na kare bayanan mutane waɗanda ya wajaba makaranta ta san abin da suka ce. A farkon shekarar karatu a nemi izinin iyaye a rubuce kan sa suna da hoton ɗansu, a adana amsoshin, a kuma duba su kafin kowace fitowa. Hoton da ya shiga waya ɗaya yana iya kaiwa ko'ina, don haka ya fi dacewa a guji haɗa cikakken suna da hoto da aji a wuri guda, a fi amfani da hoton rukuni ko na aikin da yaran suka yi. Shi ma yaron a tambaye shi. Wannan shekaru ne na jin kunya da tsoron tsokanar abokai, kuma akwai ɗalibin da fitowar sunansa a gaban jama'a za ta zame masa nauyi. Irin wannan sai malami ya kira gidansu ko ya rubuta wa iyayensa 'yar gajeriyar wasiƙa, yabon ya isa inda ake so ba tare da an takura masa ba.

Tsarin takardar kuwa ba ya buƙatar dogon tunani. Ranakun da iyaye ke buƙatar sani, wato na jarabawa da hutu da taron iyaye da malamai, su zo a sama da rana da kwanan wata da lokaci, sai labaran azuzuwa, sai yabo, sai lambar da za a kira da sa'o'in da za a samu mai amsawa. Kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu, kuma a rubuta ta da harshen da iyaye ke magana da shi a gida, ba tare da gajerun sunaye da kalmomin ofis da malamai kaɗai ke ganewa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tabbatar da cewa ta isa. Duk wanda ya taɓa zazzage jakar ɗan shekara 12 a ƙarshen zango ya san inda takardun makaranta ke ƙarewa: a can ƙasa, a cukuikuye tsakanin fensirin da ya karye da littafin da bangonsa ya cire, ranar taron da suke sanarwa ta wuce da wata guda. Saboda haka kada a dogara da hanya ɗaya. A ba yara ta takarda, a manna kwafi a allon sanarwa kusa da ƙofar shiga, a kuma tura ta waya, ko ta WhatsApp ko ta gajeren saƙo, a siffar da za ta buɗe a ƙaramar waya ba tare da cin data mai yawa ba. Akwai iyaye da masu riƙon yara da ba sa karatu, ko ba sa jin harshen da makaranta ke koyarwa da shi, kuma su ma suna da haƙƙin jin an yabi 'ya'yansu. Saƙon murya na minti biyu ko uku da wani malami zai naɗa, yana karanta muhimman ranaku da sunayen da aka yaba a natse, yana biyan wannan buƙata.

Yana da kyau a jawo ɗalibai cikin aikin. Yara biyu daga kowane aji, ana sauya su duk zango, za su iya kawo labarin ajinsu, su yi hira da mai kula da ɗakin karatu ko mai gadin makaranta, su rubuta sakin layi guda da malamin harshe zai duba. Yaron da ya san rubutunsa na cikin takarda shi da kansa zai miƙa ta a gida, ya tsaya har a karanta.

Kafin a fitar, mutum na biyu wanda ba shi ya rubuta ba ya zauna da rajistar makaranta ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, harafi bayan harafi, ya kuma gwada kowace rana da kalanda. Iyali sukan adana takardar da sunan ɗansu ya fito a ciki shekara da shekaru, kuma abin takaici ne a ce sunan da suke adanawa an rubuta shi ba daidai ba, ko an jingina nasarar ɗansu ga mai suna irin nasa a wani aji. Idan duk da haka kuskure ya kuɓuce, a kira gidan a ranar a ba da haƙuri, a gyara kwafin da ke allon sanarwa da wanda aka tura ta waya, sannan a fitowa ta gaba a sake buga sunan daidai tare da cikakken bayanin abin da yaron ya yi.