Yadda Na Gyara Allon Arduino na Injin Boling a Garwa

A watan Afrilu, ana tsananin zafi a Garwa da ke arewacin Kamaru, aka kira ni in duba wani tsohon injin jera sandunan wasan boling (wasan da ake gangara ƙwallo don a kayar da sanduna), wanda allon Arduino (ƙaramar kwamfuta mai sarrafa na'ura) da aka ɗaura masa yake ɗaukewa duk lokacin da moton da ke juya injin ya tashi. Na ɓata yini guda ina zargin manhajar, ashe ba ruwanta. Da na sa mita, sai na ga wutar volt 5 tana faɗuwa. Kafasita (ƙaramar na'ura mai adana wuta) ɗaya ta kumbura har samanta ya yi tozo, rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) kuma an haɗa shi ba tare da dayod na kariya (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ba. Na sauya kafasitar, na liƙa dayod mai lamba 1N4007 a kan naɗin wayar rilen, sannan na ware wa allon tasa wutar daban da ta moto. Tun ranar bai sake ɗaukewa ba.