Yadda za ka gyara tukunyar kashe gobara ta shagonka, ko yaron shago ya iya buɗe ta

Ku zaga kasuwar Garwa ko ta Marwa ku gani, shaguna da yawa yanzu suna da jar tukunyar nan ta kashe gobara, amma wata tana can bayan buhunan shinkafa, wata an rataye ta kusa da rufi wai don kar yara su taɓa, wata kuma tana cikin akwati da kwaɗo, makullin yana aljihun Alhaji, Alhaji kuma ya tafi masallaci. Ga hunturu ya busar da komai, ga kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, jere a bakin hanya. Wallahi abin yana damuna, don wuta ba ta jiran a nemo makulli. To ga yadda za ka yi.

Da farko ka san wace iri ce taka. Akwai mai ɗan agogo a wuya, ita iskarta na ciki a matse, ka zare fil ka matsa hannu shikenan, amma fa sai allurar agogon tana kan kore. Akwai kuma wadda ba ta da agogo, irin ta Faransa, wadda ƙaramar kwalbar iska ke cikinta, ita bayan ka zare fil sai ka danna wani maɓalli ko hannun da ke samanta da ƙarfi ya huda kwalbar, ka ɗan jira daƙiƙu kaɗan, sannan ka matsa bakin tiyo. Mutane da yawa nan suke rikicewa, su yi ta matsa tiyo ba abin da ya fito su jefar su ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Ta uku ita ce mai iskar CO2, za ka gane ta da baƙin baki mai faɗi, ta fi dacewa da wutar kuran, wato lantarki, da kwamfuta, kar ka riƙe bakin da hannu don sanyinsa na ƙona fata.

Sai fil ɗin, kuma nan ne matsalar ta fi yawa. Fil ɗin nan mai zobe, siririyar roba ce ya kamata ta riƙe shi, wadda da ka murɗa ka ja za ta tsinke. To in robar ta tsinke sai wani ya samo wayar ƙarfe ya naɗe, ko igiyar buhu ya ƙulle tam, yana ganin ya kyauta. Ranar gobara hannu na rawa, hayaƙi ya cika ido, wa zai tsaya kwance waya? Cire ta yau ɗin nan, ka kai wa masu cika tukunyar su sa maka robar asali. In fil ɗin ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe a canza shi. In zoben ya yi ƙanƙanta ka ɗaura masa ɗan ƙyalle mai haske wanda hannu zai cafka ko cikin duhu, a jikin zoben kawai, kar ya haɗa da hannun tukunyar. Wani abu kuma, in za ka zare fil kar ka damƙe hannun matsawa, damƙar tana danne fil ɗin ya ƙi fita. Ajiye ta a ƙasa, riƙe wuyanta, ja.

Na uku wurin ratayewa. Kusa da ƙofa, inda mai kashe wutar zai samu hanyar gudu a bayansa, ba can ƙuryar shago ba kuma ba gefen janareta ko tukunyar gas ba, don nan ɗin ne wutar za ta fara. Hannunta kar ya wuce mita 1.20 daga ƙasa. Maratayin ya zama ƙugiya ce da za a ɗaga kawai ta fito. Na san tsoron ɓarayi ne ke sa a kulle, to in dole ne a sa ta ta ciki daf da ƙofa, amma kwaɗo kam a'a. Gabanta kuma kar a jibge kaya ko na awa ɗaya.

Ka duba nauyi ma. Mai hoda kilo 9 in an haɗa da ƙarfenta tana kai kilo 14, yaron shago ko Hajiya mai tuwo ba lalle su iya gudu da ita ba. Gara ka sayi biyu masu kilo 6.

Sai kula da ita, duk wata sau ɗaya. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, saboda haka kar a bar ta a rana. Sauke ta, in mai hoda ce kifa ta a hankali ka kasa kunne, ya kamata ka ji hodar na zubowa ciki, in shiru ne ta dunƙule. Leƙa bakin tiyo, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki ya toshe shi da laka, ka sa tsinke ka fitar, ka goge ƙurar agogon. Sau ɗaya a shekara masu aikin su duba ta. In an taɓa matsa ta ko sau ɗaya ne a kai a sake cikawa, don hoda na maƙalewa a bawul iskar ta riƙa zurarewa.

Bayanin jikin tukunyar da Faransanci yake, ƙanana ƙanana. Samu kwali ka rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa ko Fulatanci, boko ko ajami, duk wanda yaranka ke karantawa: zare fil, nufi gindin wuta, matsa, kaɗa dama da hagu. Manna a samanta.

Sannan a gwada. Ranar da za a kai ta cikawa, ku fita fili, kowa ya ɗaga ta ya ji nauyinta, mafi ƙanƙanta a cikinku ya zare fil ya matsa. Ya tsaya kamar mita 2 zuwa 3 daga abin da kuka ɗauka a matsayin wutar, iska a bayansa, ya nufi gindinta ba harshen ba. Nan za ku ga ko rabin minti ba ta kaiwa ta ƙare, shi ya sa ba a fesa ta sama a banza.

Abin kashe kuran na jikin mita shi ma kowa ya san inda yake, hannu na kaiwa ba sai an hau kujera ba. Bokitin yashi ɗaya a bakin ƙofa, don fetur da man suya da wayar kuran ba a watsa musu ruwa, kaskon mai in ya kama a kashe gas a rufe shi da murfi. Lambar pompiye, wato 'yan kwana-kwana, a Kamaru 118 ce, a rubuta ta a kwalin nan, wani ya kira tun ana zare fil. In tukunya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ko ta kama rufi, a fita a sanar da maƙwabta.